Wa Ke Jan Wani, Aya Ko Mai Tafsiri?

Duk wanda ya saba zama a wajen tafsirin azumi, a Kano ne ko Zariya ko Damagaram, ya san yadda abin yake tafiya. Mai jan baki ya ja aya, malam ya fassara ta, ya buɗe ta da hadisi da ƙissa, in lokaci ya rage a karanto tambayoyin da jama'a suka rubuto a 'yan takardu. Littafin da ke buɗe a gaban malamai da yawa shi ne Jalalaini, wanda Jalaluddin Mahalli ya fara a Alƙahira, ya rasu a 1459 bai kammala ba, almajirinsa Suyuɗi ya ƙarasa. Suyuɗin nan ba baƙo ba ne a wajenmu, tun yana da rai ya rubuto wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Amma tambayoyin da ke cikin 'yan takardun ba na zamaninsa ba ne. Wani kuɗin ruwan banki yake tambaya, wata shaidar mace lauya a gaban alƙali, wani kuma ya ga bidiyo a waya an ce masana sararin samaniya sun gano abin da wata aya ta faɗa, yana so malam ya tabbatar masa.

Tazarar da ke tsakanin wancan littafi da waɗannan takardu ita ce abin da masana suka fi shekara ɗari suna fama da ita, daga Masar zuwa Indiya da Tunisiya da Iran, har jami'o'in Turai da Amurka. Hanyoyin da suka fito da su suna da yawa. Wasu sun yi albarka, wasu sun jawo wa masu su kora daga aiki da gudun hijira, akwai ma wanda aka rataye. Ni ma'auni ɗaya nake ɗora kowace hanya a kai: shin tana iya hana mai ita abin da ransa yake so? Hanyar da kullum take dawo wa mai tafsiri da ra'ayin da ya shigo da shi, ina shakkar a ce ayar ce ta yi magana.

Akwai wani zato da ya kamata a kawar tun da wuri, wai magabata murya ɗaya suka yi, saɓani sai yanzu ya zo. Ɗabari, wanda ya rasu a 923, yakan jero ra'ayi uku ko huɗu ko biyar a kan aya guda, kowanne da isnadinsa, sannan ya rinjayar da ɗaya da hujjar Larabci ko ta riwaya. Zamakhshari ya shiga ta ƙofar balaga, Razi ta ƙofar kalam da falsafa, Ƙurɗubi ta hukunce-hukunce, Ibn Kasir ta hadisi. Dukkansu sun yi aiki da sababin saukar aya, da rarrabe na Makka da na Madina, da nasikhi da mansukhi, wato sun san aya ta sauka a wani wuri, a wani lokaci, ga wasu mutane. A gefe guda kuma malaman usulu suka kafa ƙa'idar cewa gamewar lafazi ake dubawa, ba keɓantar sababi ba. Kusan duk gardamar da ake yi a yau tana tsakanin waɗannan biyun: iya ina zamanin sauka yake da iko a kan ma'ana, kuma wa ke da ikon faɗin iyakar.

Wanda ya buɗe sabon shafi shi ne Muhammad Abduh, Muftin Masar, da karatun da ya riƙa bayarwa a Azhar daga 1899 har rasuwarsa a 1905. Ya kai aya ta 125 a Suratun Nisa'i, almajirinsa Rashid Rida ya ci gaba da rubutawa a cikin Tafsirul Manar har shi ma ajali ya same shi a 1935 yana cikin Suratu Yusuf. Kukan Abduh shi ne tafsiri ya koma filin nahawu da labaran Isra'iliyat, an manta cewa littafin shiriya ne da aka saukar domin ya gyara al'umma. A nan ya yi gaskiya, kuma kusan duk wanda ya zo bayansa ya sha daga wannan rijiya, har da waɗanda suke sukarsa. Sai dai son da yake yi ya nuna wa Turawa cewa Musulunci bai saɓa wa hankali ba ya kai shi wasu wurare masu santsi. A tafsirinsa na Juzu'in Amma ya buɗe ƙofar cewa tsuntsayen da aka aika wa mutanen giwa suna iya zama irin su sauro ko ƙuda masu ɗauke da ƙwayoyin cutar agana. Babu abin da ya tilasta wannan a cikin lafazin surar. Zamanin ne ya so haka.

Wannan ƙofa ce Ɗanɗawi Jauhari, wanda ya rasu a 1940, ya bankaɗa gaba ɗaya. Tafsirinsa Aljawahir juzu'i 26 ne, cike da bayanin taurari da tsirrai da dabbobi, har da hotuna. Hujjarsa ita ce ayoyin da ke maganar halitta sun kai 750, na fiƙihu ba su wuce 150 ba, to don me malamai suka tare a kan kaɗan suka bar masu yawa? A 1976 wani likita Bafaranshe, Maurice Bucaille, ya fitar da littafinsa a kan Baibul da Alƙur'ani da kimiyya, daga nan abin ya zama ruwan dare. Yau ita ce hanyar da ta fi kowace yawo a wayoyin matasanmu.

Na san niyyar masu yinta kyakkyawa ce, kuma na san daɗin da ɗalibin kimiyya yake ji in aka ce masa littafinsa ya riga ɗakin gwaji. Amma dubi yadda ake aikin. Sai an jira masana sun sanar da wani abu, sannan a dawo a nemo ayar da za ta ɗauke shi, a zaɓi ma'ana ɗaya daga cikin ma'anonin kalma a yi watsi da sauran. Ita kuwa kimiyya tana gyara kanta kullum, abin da ta tabbatar bana tana iya warware shi baɗi. In an ɗaure aya a jikin nazariyyar da ta rushe, yaron da aka gina wa imani a kanta ina zai kama? Shaɗibi, Bamalikin Andalus da ya rasu a 1388, ya yi wannan gargaɗi a Muwafaƙat tun kafin a san za a yi haka: sahabbai sun fi kowa sanin Alƙur'ani, ba su kuwa yi da'awar waɗannan ilimomi a cikinsa ba. A zamaninmu Nidhal Guessoum, ɗan Aljeriya, Musulmi kuma masanin taurari, shi ma ya soki wannan salo daga cikin gidan kimiyyar kanta. Ayoyin halitta kira ne a duba a yi tunani, kuma wanda ya amsa kiran shi ne wanda ya shiga ɗakin gwaji ya gano sabon abu.

A Jami'ar Alƙahira wata hanyar ta daban ta tsiro a hannun Amin Alkhuli, wanda ya rasu a 1966. Ya ce kafin a ciro fiƙihu ko aƙida, a fara karanta Alƙur'ani a matsayin littafi mafi girma na harshen Larabci: a san muhallin da ya sauka, sannan a bi kowace kalma a duk wuraren da ta zo a cikinsa, a bar shi ya faɗi abin da yake nufi da ita. Wadda ta fi kowa cika wannan wasiyya ita ce matarsa kuma ɗalibarsa, A'isha Abdurrahman, wadda aka fi sani da Bintus Shaɗi'i. A Attafsirul Bayani, da ya fara fitowa a 1962, ta ɗauki gajerun surori irin su Duha da Alam Nashrah da Zalzala ta yi musu wannan aiki. Ga misali ɗaya. Larabci yana da aikatau biyu na rantsuwa, halafa da aƙsama, ƙamus-ƙamus kuma suna fassara ɗaya da ɗaya. Da ta bi su aya bayan aya sai ta tarar Alƙur'ani yana kawo halafa ne a inda rantsuwar ta ƙarya ce ko wadda aka karya, galibi a bakin munafukai, ita kuwa aƙsama tana zuwa a rantsuwa mai nauyi. Wannan bincike ne da kowane ɗalibi zai iya ɗaukar Mus'hafi ya bi ya gani da idonsa, in ta yi kuskure ya kama ta. Abin da ya ba hanyar daraja ke nan. Ita ma, ya kamata a sani, ta yi wa masu tafsirin kimiyya raddi mai zafi.

Wani ɗalibin Alkhulin, Muhammad Ahmad Khalafallah, ya ja hanyar zuwa wani wuri dabam. A kundin digirinsa na uku a 1947 ya ce ƙissoshin Alƙur'ani wa'azi suka sa gaba, ba lallai kowane bayani a cikinsu ya zama rahoton tarihi ba. Aka yi ca a kansa, jami'a ta ƙi karɓar kundin. Makaranta ɗaya, malami ɗaya, amma Bintus Shaɗi'i ta tsaya a kan abin da ake iya ƙirgawa a nassi, shi kuwa ya yanke hukunci a kan abin da nassin bai ce ba.

Can a Indiya kuma Hamiduddin Farahi, wanda ya rasu a 1930, ya tayar da wata tambaya da tafsirin aya-aya yakan tsallake: me ya haɗa farkon sura da ƙarshenta? Shi a ganinsa kowace sura tana da ginshiƙi guda da duk ayoyinta suke kewayawa. Almajirinsa Amin Ahsan Islahi ya kwashe daga 1958 zuwa 1980 yana gwada wannan a kan Alƙur'ani duka a tafsirinsa na Urdu, Tadabburi Ƙur'an. Ya ƙara da cewa surori bibbiyu suke tafiya kamar tagwaye, Baƙara da Ali Imrana, Duha da Alam Nashrah, Falaƙi da Nasi, kuma Mus'hafin ya kasu gida bakwai, kowane gida yana farawa da surorin Makka ya ƙare da na Madina. Ba su ne farau ba, Biƙa'i ya rubuta Nazmud Durar a kan dangantakar ayoyi tun ƙarni na 15, kuma Muhammad Abdullah Darraz na Masar ya nuna a Annaba'ul Azim cewa Baƙara mai tsawon nan tana da shimfiɗa da manufofi huɗu da rufewa. Amfanin wannan hanya babba ne, domin tana hana a fizgo aya daga cikin 'yan'uwanta a jefi abokin gardama da ita, cutar da ta yi mana katutu. Amma ita ma tana da masu wuce gona da iri, masu ganin kowace sura zobe ce, farko ya dace da ƙarshe daidai wa daida. Sukan yi misali da ayar da ta kira wannan al'umma matsakaiciya, wadda ita ce ta 143 cikin 286 na Baƙara. Abin sha'awa ne, sai dai a tuna cewa wannan ƙirgen mutanen Kufa ne da ke cikin bugun Hafsu. A Mus'hafin Warshu da aka yi mana karatun allo da shi, Baƙara aya 285 ce. Wanda zai gina hujja a kan lissafi, ya fara faɗin ƙirgen wa ya ɗauka.

Sayyid Ƙuɗub da Fi Zilalil Ƙur'an, wanda ya rubuta kaso mai yawa daga cikinsa a kurkuku kafin a kashe shi a 1966, da Maududi da Tafhimul Ƙur'an, sun karanta littafin a matsayin jagoran gwagwarmaya. Alƙalamin Ƙuɗub yana taɓa zuciya, babu musu, amma zafin kurkukun shugaban Masar Nasser ya shiga hukuncin da ya yanke wa al'ummomin Musulmi na zamaninsa, kuma an ga inda wasu matasa suka kai wannan hukunci.

In aka ce in zaɓi tafsiri guda na ƙarni na 20 da nake so ɗalibanmu su daɗe a kansa, Attahrir wat Tanwir na Muhammad Ɗahir Ibn Ashur zan nuna, shehin Zaituna ta Tunisiya, Bamalike kamarmu, wanda ya rasu a 1973. Kusan shekara 40 ya yi yana rubuta shi, juzu'i 30, da gabatarwa goma a kan ƙa'idojin fannin. Shi ne kuma ya farfaɗo da ilimin maƙasid, wato manufofin shari'a, a littafinsa na 1946. Abin da ya bambanta shi da masu ɗaga tutar maƙasid a yau shi ne ba ya tashi sama ya ce manufar shari'a adalci ce sannan ya share lafazi. Sai ya gama da nahawu da balaga da ƙira'o'i da maganganun magabata, sannan ya faɗi manufar da ya hango, kuma a inda ya saɓa wa manya yakan kawo dalili.

To, a nan ne aka iso wurin da ƙura ta fi tashi. Fazlur Rahman ɗan Pakistan ne, ya yi karatu a Oxford, shugaba Ayub Khan ya ɗora shi a kan cibiyar binciken Musulunci ta ƙasar a 1962. A 1968 zanga-zanga a kan abin da ya rubuta game da yanayin wahayi ta sa ya ajiye aiki, ya ƙarasa rayuwarsa yana koyarwa a Shikago har 1988. A littafinsa na 1982 a kan Musulunci da zamananci ya tsara abin da ya kira tafiya biyu. Ta farko, mai tafsiri ya tashi daga yau ya koma zamanin sauka, ya fahimci matsalar da aya ta zo warwarewa, ya ciro manufar da ke ƙarƙashin hukuncin. Ta biyu, ya dawo da wannan manufa zuwa yau, ya duba wace sura za ta ɗauka a halin da ake ciki.

Misalin da ya fi shahara shi ne ayar bashi, ta 282 a Baƙara, inda aka ce in babu maza biyu a samo namiji ɗaya da mata biyu, kuma ayar da kanta ta faɗi dalili: in ɗaya ta mance ɗayar ta tuna mata. Fazlur Rahman ya ce matan wancan lokaci ba su saba da harkar bashi da ciniki ba, manufar ita ce kada haƙƙi ya salwanta, saboda haka macen da ta ƙware a harkar kuɗi shaidarta tana iya daidai da ta namiji. Masu goyon bayansa sukan kafa hujja da Sayyidina Umar (RA), wanda ya hana waɗanda ake lallashin zukatansu kasonsu na zakka duk da an ambace su a Suratut Tauba, saboda Musulunci ya yi ƙarfi ba ya bukatar lallashin kowa. Kuma gaskiya ne Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun bambanta tsakanin shaidun da aka umarci mai ba da bashi ya nema domin kare dukiyarsa da hujjar da alƙali zai iya yin hukunci da ita. Ashe tambayar ba daga Shikago ta fara ba.

Duk da haka akwai rami a hanyar, kuma rami ne mai zurfi. Wa zai faɗi manufar? A ayar bashi nassi ya ambaci dalili, sai aikin ya yi sauƙi. A ayoyin gado fa, ko na haddi, ko na riba, inda shi Fazlur Rahman ya ce ribar da aka haramta ita ce ta ninki-ba-ninki irin ta jahiliyya, ba kuɗin ruwan banki ba? In mai tafsiri ne zai ƙaddara dalilin da kansa, sannan ya ce dalilin ya gushe, babu hukuncin da zai tsira. Kuma abin da nake lura da shi a rubuce-rubucen mabiya wannan hanya shi ne tafiyar tasu kusan kullum tana saukewa ne daidai inda ra'ayin masu ilimin boko na zamaninsu yake. Da wuya ka ga ta dawo da amsar da za ta ɓata wa mai ita rai. Malaman usulu sun sa wa gano illar hukunci sharuɗɗa masu tsauri saboda wannan haɗarin. Abdullah Saeed na Jami'ar Melbourne ya yi ƙoƙarin toshe ramin a littafinsa na 2006, inda ya jera darajojin umarni, ya ware aƙida da ibada da halal da haram bayyanannu a matsayin waɗanda ba sa motsi. Gyara ne mai ma'ana, ko da yake gardamar ta koma kan wane hukunci ne zai shiga wane aji.

Mahmud Muhammad Ɗaha na Sudan ya yi nisa fiye da haka. Ya ce ayoyin Makka su ne saƙo na asali mai ɗorewa, na Madina kuwa an saukar da su daidai da ƙarfin mutanen ƙarni na 7, don haka yanzu a juya nasikhi da mansukhi. Gwamnatin Numairi ta rataye shi a kurkukun Kobar a Janairun 1985 yana da shekara 76. Nasr Hamid Abu Zaid na Masar, mai Mafhumun Nass na 1990, ya ce tunda wahayi ya sauka cikin harshen mutane da al'adarsu, a yi nazarinsa da kayan nazarin harshe da al'ada. Maganar ƙarin girma a jami'a ta rikiɗe ta zama shari'a, a 1995 kotun ɗaukaka ƙara ta Alƙahira ta yanke cewa ya yi ridda, ta raba aurensa da matarsa ba da son ɗayansu ba, suka koma Leiden ta ƙasar Holan. Ban yarda da rabon da Ɗaha ya yi ba, domin salla da azumi da zakka da hajji duk a Madina aka kammala tsarinsu, kuma akwai maganganun Abu Zaid da nake ganin sun wuce iyaka. Amma igiya da takardar kotu ba su warware ko hujja ɗaya daga cikin hujjojinsu ba. Littattafansu sun ƙara yaɗuwa, kuma matashin da ya karanta su yau raddi na ilimi yake bukata.

Mata ma sun shigo fagen da ƙarfi. Amina Wadud ta fitar da littafinta a kan Alƙur'ani da mace a 1992, Asma Barlas ta biyo baya a 2002. Sun yi wani aiki da ya kamata a yaba: sun tilasta wa mai karatu ya raba abin da nassi ya ce da abin da aka saba ji. Alƙur'ani bai ɗora wa Nana Hauwa'u laifin cin itaciya ita kaɗai ba, su biyu Shaiɗan ya yi wa waswasi, a Suratu Ɗaha ma Annabi Adamu (AS) aka ambata da saɓawar. Labarin cewa ita ta yaudare shi daga littattafan Ahlul Kitabi ya shigo tafsirai. Wannan ko'ina za a je da shi ya tsaya. Inda suka gamu da cikas shi ne ayoyi irin ta 34 a Suratun Nisa'i, har a 2014 wata daga cikinsu, Aysha Hidayatullah, ta rubuta littafi tana cewa an matsa wa nassi ya faɗi irin daidaiton da ba a iya tabbatar da shi daga lafazinsa. Ta faɗi abin da bai yi wa ɓangarenta daɗi ba, shi ya sa na ɗauki maganarta da nauyi.

Sai kuma Turawa masu nazarin Alƙur'ani, waɗanda da an ambace su wasunmu ke toshe kunne. Akwai dalilin hakan. Tun daga Theodor Nöldeke na Jamus da tarihin Alƙur'aninsa na 1860, da yawansu sun zo da zaton cewa aro aka yi daga Yahudu da Nasara. A 1977 John Wansbrough na Landan ya kai abin ƙarshe, ya ce littafin bai daidaita yadda yake ba sai wajen shekara 200 bayan hijira. Abin da ya rushe wannan da'awa kuwa daga ɗakunan bincikensu ya fito. A 1972 masu gyaran Babban Masallacin Sana'a a Yaman sun ci karo da tarin tsofaffin fatun Alƙur'ani. A cikinsu akwai wanda aka kankare rubutun farko aka sake wani a kai, gwajin kabon ya nuna fatar kusan tabbas ta girmi shekarar 671. Behnam Sadeghi da abokan aikinsa suka karanto rubutun ƙasan, suka tarar da 'yan bambance-bambancen lafazi da na jerin surori masu kama da abin da malamanmu suka ruwaito game da mus'hafan Ibn Mas'ud da Ubayyu bin Ka'ab kafin Sayyidina Usman (RA) ya haɗa mutane a kan guda. A 2015 Jami'ar Birmingham ta sanar da cewa wasu warƙoƙi biyu da ke hannunta, masu ɗauke da sassan Kahfi da Maryam da Ɗaha, fatarsu ta faɗo tsakanin 568 da 645. A kiyaye dai, lokacin mutuwar dabbar da aka feɗe gwajin yake nunawa, ba ranar da aka sa tawada ba.

Binciken da ya fi burge ni shi ne na Marijn van Putten a 2019, domin duk gwanin da ya taɓa rubuta Alƙur'ani da ka zai gane shi nan take. Kalmar ni'ima in an jingina ta ga Allah, wani wuri da ta-kuri ake rubuta ta, wani wuri da buɗaɗɗiyar ta, babu wata ƙa'idar nahawu da ta raba. Ya bi tsofaffin rubuce-rubucen hannu ya tarar suna yin ta-kuri a wuri ɗaya, suna buɗewa a wuri ɗaya. Wannan ba ya faruwa sai in duk daga rubutaccen asali guda aka kwafo su, tun da wuri. Abin da alarammomi suke tsarewa a tsangaya ba tare da an ba su dalili ba, shi ne ya zama shaida a mujallar jami'a.

Ta fuskar ma'ana kuma, Angelika Neuwirth da aikin Corpus Coranicum da aka fara a Balin a 2007 sun karkata daga maganar aro zuwa cewa Alƙur'ani yana muhawara ne da labaran da mutanen yankin suka sani, yana gyara su. Ƙissar As'habul Kahfi, alal misali, tana cikin rubutun Suryananci na Yaƙub na Saruj, wanda ya rasu a 521. Wannan bai kamata ya girgiza kowa ba, tunda tafsiranmu da kansu sun ce malaman Yahudun Madina ne suka ba Ƙuraishawa shawarar su tambayi Annabi (SAW) labarin samarin, kuma surar ta ambaci saɓanin da mutane suke yi a kan adadinsu. Iyakar wannan fanni ita ce tarihi yake nema. Zai iya gaya maka abin da mai sauraro na farko ya sani, amma tambayar me Allah Yake so da ni ba ta cikin aikinsa, kuma masu gaskiya daga cikinsu ba sa da'awar tana ciki.

Mu a nan ƙarfinmu a baki yake. Tun da Shaikh Abubakar Gumi ya fara tafsiri a Masallacin Sultan Bello ana watsawa ta Rediyon Kaduna, da majalisan Shaikh Nasiru Kabara da Shaikh Ɗahiru Bauchi da Shaikh Ja'afar Mahmud Adam, samun ƙasar da talaka yake jin tafsiri da harshensa kamar tamu sai an tona. A rubuce kuwa abin bai kai haka ba. Muna da tarjamar Gumi da Raddul Azhan nasa, da Ihsanul Mannan na Nasiru Kabara, da wasu ƙalilan, amma muhawarorin da na zayyana a sama suna iso wa matasanmu ne a guntun bidiyo, sakamakon kawai, babu hanyar da aka bi aka kai gare shi. Daga nan wani ya zama mai mu'ujizar kimiyya, wani ya ce shi Alƙur'ani zalla zai bi ya jefar da hadisi, alhali Shanƙiɗi mai Adwa'ul Bayan, wanda ya yi suna wajen fassara Alƙur'ani da Alƙur'ani, littafinsa cike yake da hadisi da fiƙihu.

Kayan aikin kuwa muna da su a gida. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Diya'ut Ta'awili a farkon ƙarni na 19, yana tattaro maganganun manyan masu tafsiri yana tacewa, sannan ya taƙaita shi a Kifayatu Du'afa'is Sudan domin ɗaliban ƙasar nan. A Barno akwai tsofaffin Mus'hafai, ɗaya na ɗauke da kwanan watan 1669, waɗanda aka cika tsakanin layukansu da gefensu da bayani cikin tsohon harshen Kanembu, tushen Tarjumo da malaman can suke fassara da shi har yau. Mafi yawan abin da aka wallafa a kansu masanan waje ne suka yi, irin su Dmitry Bondarev. Sassan nazarin Musulunci na jami'o'inmu suna fitar da kundaye masu yawa a kan tarihin malamai da gudummawarsu. Ina so in ga ɗalibin da zai ɗauki sura guda, ko Nisa'i ce, ya jera abin da Malam Abdullahi ya zaɓa daga magabata da abin da ya bari, ya gwada da na gefen Mus'hafan Barno da na Ibn Ashur, ya rubuta sakamakon da Hausa.